Kyamarar tarko a kurmi: agogo ne zai tashe ta, ko ɗumin jikin dabba?

Yawancin kyamarorin tarko da ake sayarwa, wato waɗanda ake ɗaurewa a daji su riƙa ɗaukar hoton dabbobi da kansu, ba don kurmi aka ƙera su ba. Babbar kasuwarsu ita ce ta mafarautan barewa a Amurka ta Arewa, inda ake ɗaure kyamara a bakin gona ko a dajin da ba shi da duhuwa, iska da sanyi-sanyi, mai ita kuma yana leƙowa duk bayan 'yan kwanaki. Wanda ya ɗauki irin wannan na'ura ya kai ta kurmin Kwango ko na Amazon ko na Borneo, ya kai ta ne inda ruwan sama ke iya haura milimita 2,000 a shekara, inda iska ke jiƙe dare da rana, inda kuma za a yi wata guda cur ba wanda ya waiwaye ta. Saboda haka abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali, wato yawan megafiksel da kyawun bidiyo, ba shi ne zai raba gardama ba. Tambayar farko ita ce: me zai tashi kyamarar daga barci ta ɗauki hoto?

Hanya biyu ce. Ta farko wata 'yar na'ura ce mai jin ɗumi, tana bayan wata roba mai layi-layi a gaban kyamarar. Ba motsi zalla take gani ba, kamar yadda ake yawan zato. Abin da ke farkar da ita shi ne wani abu da zafinsa ya bambanta da na bayansa ya gitta ta gabanta. Gada ta wuce, jikinta ya fi ganyen da ke bayanta ɗumi, sai na'urar ta farga, kyamara ta ɗauka. Ta biyu agogo ne: a saita wa kyamara ta riƙa ɗaukar hoto duk bayan minti ɗaya, ko minti 5, ko awa guda, ko da dabba ko babu.

Akwai dalili mai ƙarfi da ke sa mai aikin kurmi ya yi sha'awar ta biyun. Na'urar jin ɗumi tana da rauni a ƙasa mai zafi. Idan iska da ganye da ƙasa duk sun ɗumama, tazarar da ke tsakaninsu da zafin fatar dabba tana raguwa, balle dabba mai gashi da ruwan sama ya jiƙa. Ƙananan dabbobi irin su gafiya da tsuntsayen ƙasa sukan wuce ba ta ji su ba idan suna nesa kaɗan. Maciji da guza da kunkuru da kwaɗo kuwa, zafin jikinsu kusan na wurin da suke kwance ne, don haka sau da yawa za su ja jiki su wuce kyamara tana barci. Agogo babu ruwansa da wannan duka. Lokaci ya yi, ya ɗauka.

To amma a yi lissafi kafin a yi murna. A cikin kurmi mai duhuwa, abin da kyamara ke iya hangowa bai cika wuce 'yan mitoci ba kafin ganye ya tare. A ɗauka dabba tana bukatar daƙiƙa 5 ta gitta wannan ɗan sarari, kyamara kuma tana ɗauka duk minti 5, wato duk daƙiƙa 300. Damar da hoton zai dace da wucewarta ɗaya ce cikin 60. Damisa za ta iya bin hanyar nan sau 30 a wata, a ƙarshe a tashi babu ko wutsiyarta. A daidai wannan lokaci kyamarar ta tara hotuna 288 a kowace rana, 8,640 a kwana 30, kusan dukkansu ganye ne da duhu. In kyamarori 60 aka baza, hotuna 518,400 ke nan. Mutum ya ba kowane hoto daƙiƙa 3 kacal, zai shafe awa 432 yana zare ido a kan kwamfuta. Akwai manhajoji da ke rage wannan wahala, irin su MegaDetector da ke ware hotunan da ke da dabba ko mutum ko mota daga waɗanda ba komai a ciki, da dandalin Wildlife Insights da aka buɗe a 2019. Suna tace hoto sosai, amma ba za su dawo da damisar da ta wuce tsakanin hoto da hoto ba.

Shi ya sa a ganina wanda zai ɗaure kyamara a kan turbar dabbobi cikin duhuwa bai kamata ya jingina da agogo ba. Nan fagen na'urar jin ɗumi ne, duk da rauninta.

Inda agogo ke cin kasuwarsa shi ne sarari, kuma kurmi yana da irin waɗannan wurare. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya akwai Dzanga Bai, wani faffaɗan fili mai taɓo a tsakiyar kurmi, inda giwayen kurmi ke taruwa gommai a lokaci guda suna zura hanci cikin ramuka don shan ruwa mai gishirin ƙasa. A nan ne mai bincike Andrea Turkalo ta shafe fiye da shekara 20 tana bin rayuwarsu giwa bayan giwa. Akwai irinsa a Mbeli Bai na Jamhuriyar Kwango, inda gorila ke fitowa, da Langoué Bai a Gabon. A Tambopata na ƙasar Peru kuma akwai gaɓar kogi mai yumɓu inda manyan aku ke sauka garke-garke da sassafe suna cin ƙasa. A irin waɗannan wurare dabba tana nesa da kyamara fiye da inda na'urar jin ɗumi za ta kai, domin ita iyakarta mita 15 zuwa 25 ne a mafi yawan kyamarori, in ma yanayi ya yi mata daɗi. Kuma dabbar ba wucewa take yi ba, zama take yi, awa ɗaya, awa biyu. Hoto duk minti 5 ko 10 zai nuna ƙarfe nawa aka fara zuwa, yaushe fili ya fi cika, yaushe aka watse, da yadda abin ke sauyawa tsakanin damina da rani. Haka nan bishiyar da ke zubar da 'ya'ya, da bakin ramin da dabba ke kwana, da sheƙar tsuntsu, da gaɓar yashi inda kada ko kunkuru ke shan hantsi. Duk inda aka san dabba za ta zo ta daɗe, agogo ya fi.

Masu ƙiyasin yawan dabbobi ma suna da nasu dalilin. Tunda na'urar jin ɗumi tana jin babbar dabba fiye da ƙarama, tana ji da dare fiye da tsakar rana, kuma ta wannan kamfani ba ta yi daidai da ta wancan ba, adadin hotunan da ta kawo gauraye yake da halinta. Hoton agogo ba shi da wannan son kai: an san daidai lokacin da aka ɗauka, an san faɗin wurin da aka kalla. A 2018 Anna Moeller da abokan aikinta suka wallafa hanyoyin ƙiyasta yawan dabbobin da ba a iya bambance ɗaiɗaikunsu, wasu daga ciki a kan hotunan agogo suka dogara. Sai dai sun gwada su ne a kan manyan barewa a jihar Idaho ta Amurka, ba a duhuwar da dabba ke da wuyar gani ba. Hanyar tana da kyau a lissafi, amma tana cin kyamarori da hotuna masu ɗimbin yawa idan dabbar ƙalilan ce.

Akwai wani amfani na agogo da ba a cika ambata ba, kuma ni a wurina shi kaɗai ya isa a ce kada a sayi kyamarar da ba ta da shi. A saita ta ɗauki hoto ɗaya ko biyu kowace rana, ko da a kan turba take cikin duhuwa. Idan aka dawo bayan wata guda aka tarar hoton dabba na ƙarshe na rana ta 11 ne, tambaya za ta taso: dabbobi ne suka daina bin hanyar, ko kyamara ce ta mutu a rana ta 12? Ba tare da hoton agogo ba, babu amsa. Da shi kuwa, za a ga ranar da batir ya ƙare, ko ranar da reshe ya faɗo ya rufe gilashi, ko ranar da giwa ta juya fuskar kyamarar tana kallon sama. Duk lissafin da za a yi daga baya ya rataya ne a kan sanin kwana nawa kyamara ta yi tana aiki da gaske.

Daga nan sharaɗin farko ya fito: kyamarar ta iya tafiyar da agogo da na'urar jin ɗumi a lokaci guda. Ba kowace ke yi ba. Wasu sai dai a zaɓi ɗaya a kashe ɗaya. A duba littafin kyamara, ba kwali ba, a ga abu uku: mafi ƙanƙantar tazara da mafi tsawo da take yarda a saita, ko agogon yana aiki da dare, da kuma irin fayil ɗin da take ajiyewa. Kyamarorin kamfanin Bushnell da yawa suna da tsarin da suka kira Field Scan, wanda ke ba da damar zaɓar zango biyu a yini, na'urar jin ɗumi kuma tana ci gaba da aikinta. Wasu na Browning agogonsu na rana ne kawai, kuma suna dunƙule hotunan cikin fayil na musamman da sai manhajar kamfanin ke buɗewa. Wannan ya yi wa mafarauci mai son kallon yini guda cikin minti biyu, amma yana wahalar da mai bincike da ke son kowane hoto da kansa, da kwanan wata da lokacinsa. Reconyx, wadda masu bincike suka daɗe da yarda da ita, samfuranta na ƙwararru suna ba da iko mai faɗi a kan jadawali. Akwai kuma kyamarori irin na Brinno da aka yi musamman don ɗauka bisa agogo, galibi a wuraren gini. Hotonsu na rana yana da kyau, amma ba don dabbar dare aka tsara su ba.

Sai babban abokin gaba, danshi. Kyamarorin da ke mutuwa a kurmi, akasarinsu ba ruwan sama ne ya ratsa su kai tsaye ba. Lambobin da ake bugawa, IP66 ko IP67, gaskiya suke faɗa a iyakar abin da aka gwada: ta farko tana nufin ƙura ba ta shiga kuma akwatin yana jure feshin ruwa mai ƙarfi, ta biyu tana nufin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Babu ɗayansu da ta yi alkawari a kan tururin da ke cikin iska. Duk lokacin da aka buɗe murfi don sauya katin ajiye hotuna, jiƙaƙƙiyar iska tana shiga a rufe ta a ciki. Dare ya yi, jikin kyamara ya huce, tururin ya koma ruwa a bayan gilashi kamar yadda kofin ruwan sanyi ke zufa. Wanda ya taɓa buɗe kyamarar da ta sha wannan ya san kamanninta: ɗigon ruwa sun jeru a cikin gilashi, ƙarfen da kan batir ke taɓawa ya yi kore, a lungun da kati ke shiga kuma kiyashi sun tara fararen ƙwayayensu. A kan katin, hotunan makon farko tas suke, na mako na biyu sun fara hazo daga gefe, na ƙarshe kuwa farin gajimare ne da inuwar wani abu mai ƙafa huɗu a ciki.

Saboda haka a riƙe kyamarar a hannu a dube ta da idon mai neman aibu. Robar da ke zagaye da bakin murfi ta kasance mai kauri, guda ɗaya ba haɗi, kuma ana iya cire ta a sauya. Maƙullin murfi ya matse da ƙarfi. A nemi wurin da za a cusa ƙunshin silika mai tsotse danshi; wasu kyamarorin an cika cikinsu dam, babu inda ƙunshi zai zauna, wannan kuwa aibu ne babba a kurmi. Silika mai sauya launi idan ta ƙoshi ta fi, domin tana faɗa wa mutum lokacin sauya ta, kuma ana busar da ita da zafi a sake amfani da ita. Kowane rami a jikin akwati ƙofa ce: ramin makirfo, mashigar wayar wuta daga waje, gurbin kusa a ƙasa. Tururuwa da gara ba sa raina rami. Wanda ba ya bukatar sauti gara ya zaɓi wadda ba ta da ramin makirfo, ko ya toshe shi. Ɗan rufi na roba ko kwano a saman kyamara yana rage ruwan da ke zuba mata. Fesa maganin ƙwari mai ƙamshi kuwa ban goyi bayansa ba, domin hancin dabba ya fi namu, kuma warin zai sauya halin wanda ake son a gani yana harkarsa.

Batun haske ma yana da nasa sarƙaƙiya. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na hasken rana ne kawai ke kaiwa ƙasan kurmi. Kyamara da yawa suna ganin wannan duhuwa su ɗauka magariba ta yi, sai su koma hoton fari da baƙi da tsakar rana, ko su yi ta kai-komo tsakanin tsarin rana da na dare. Abin dubawa shi ne yadda take ɗaukar dabba mai tafiya a ƙaramin haske. Megafiksel 30 ko 40 da ake tallatawa galibi kumbura hoto aka yi da manhaja, ainihin idon kyamarar bai wuce megafiksel 2 zuwa 5 ba. Ƙarin nauyi ne a kan kati ba ƙarin gani ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Fitilar dare iri uku ce. Akwai infirared mai tsawon zango nanomita 850, wadda ke nuna ɗan jan haske idan ta kunna. Tana kai nesa, hotonta ya fi fitowa. Akwai ta nanomita 940 wadda idon mutum ba ya gani ko kaɗan, amma haskenta ya fi rauni, kyamara kan rama da barin ido a buɗe na ɗan tsawon lokaci, sai dabba mai sauri ta fito a goge. Ta uku farar walƙiya ce mai ba da hoto mai launi da dare. Ita ake so idan aikin na gane ɗaiɗaikun dabbobi ne ta zanen jikinsu, hanyar da masanin dabbobi Ullas Karanth ya kafa a shekarun 1990 da damisa mai zane a dajin Nagarahole na Indiya, aka kuma ɗauke ta zuwa ƙirga jaguwa, wata dangin damisa, a Belize ta Amurka ta Tsakiya da sauran ƙasashen yankin. A irin wannan aiki kyamara biyu ake sa wa suna fuskantar juna, domin zanen haƙarƙarin dama daban yake da na hagu. Inda mafarauta ke yawo da dare kuwa, farar walƙiya kiran ɓarawo ce, ta 940 ita ce rufin asiri. Mai aiki da agogo a sarari ya tuna cewa fitilar ba ta kai tsakiyar fili. Hoton dare a can baƙi ne ƙirin, batir kawai yake ci. A kashe agogo da faɗuwar rana, a bar wa na'urar jin ɗumi abin da ya matso kusa.

Saurin farkawa yana da muhimmanci a duhuwa fiye da ko'ina, tunda filin gani ƙunci ne. Kyamarar da ke ɗauka cikin kashi 2 ko 3 bisa 10 na daƙiƙa za ta kama gada sukutum. Wadda ke ɗaukar daƙiƙa guda za ta kawo ƙafar baya. A duba kuma tsawon lokacin da take hutawa kafin hoto na gaba, domin aladen daji garke suke tafiya, kuma uwa tana gaba ɗa yana baya. Na'urar jin ɗumi ta fi jin abin da ya gitta ta gefe a kan wanda ya nufo ta kai tsaye, don haka a karkata kyamara ga turba, kada a sa ta tana kallon tsawon hanyar.

Batir da kati lissafi ne kawai. Hoto duk minti ɗaya na awa 12 na rana ya kama 720 a yini, 21,600 a kwana 30. In kowane hoto megabait 2 ne, an doshi gigabait 43, alhali kyamarori da dama, musamman tsofaffi, ba sa karɓar katin da ya wuce gigabait 32. Batir na alkalin yana saurin faɗuwa kuma yana yoyo ya cinye ƙarfe. Na litiyam mai girman AA ya fi daɗewa, sai dai yana nuna cike yake har dab da mutuwarsa, don haka kada a yarda da alamar da ke kan allo. Masu caji na NiMH suna ba da bolt 1.2 maimakon 1.5, wasu kyamarorin sukan ɗauka sun ƙare tun da sauran ƙarfinsu. A tabbatar kyamarar ta san da su. Mai ɗaukar batir 12 ta fi mai 6 ko 8 dacewa da aikin agogo. Faifan sola ba shi da aiki a ƙarƙashin rumfar ganye, kyamara mai aika hoto ta layin waya kuma ba ta da abin yi inda babu sabis.

Dabbobin ma suna da ra'ayi. Giwar kurmi tana fizge kyamara daga bishiya ta tattake, shi ya sa akwatin ƙarfe da igiyar ƙarfe mai kwaɗo suke cikin kasafin sayen kyamara, ba ƙari ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2019 kan manyan biran Afirka ya gano cewa bonobo da gorila sun fi cimfanzi lura da kyamarar da aka ɗaure musu. Wato ita kanta na'urar tana iya taɓa halin da ake aunawa, ƙarin dalili na zaɓar mara ƙara, mara haske, mara wari. Kyamara tana kuma ɗaukar mutane, masu farauta da masu neman itace da zuma, kuma tun kafin a ɗaure ta ya kamata a yanke wa zai ga waɗannan hotuna da abin da za a yi da su.

Kyamara nawa za a saya? Shirin TEAM, wanda ƙungiyar Conservation International ta jagoranta tare da wasu cibiyoyi a dazuzzukan kurmi na Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya tsayar da ma'auni da har yanzu ake koyi da shi: wurare 60 a kowane daji, kyamara ɗaya a kowace murabba'in kilomita 2, a tsayin santimita 30 zuwa 50 daga ƙasa, aƙalla kwana 30, ba tare da sa abin jan dabba ba. Kuma a lokacin rani suka riƙa yi, abin da ya isa ya nuna yadda ƙwararru ke tsoron damina. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne cewa aikin ƙidaya yana son kyamarori da yawa kuma iri ɗaya. Gauraya samfura yana gauraya sakamako, domin ba za a san ko bambancin da aka gani na daji ne ko na na'ura ba. A ƙara 'yan kaɗan a ajiye, tunda wasu za su mutu ko su ɓace ko ta yaya. Mai sa ido a kan fili guda ɗaya kuwa, biyu ko uku masu ƙarko sun fi masa goma masu rauni.

Kafin a sayi da yawa a sayi ɗaya, a bar ta a waje cikin ruwan sama na 'yan makonni tana aiki da agogo da na'urar jin ɗumi tare, a riƙa gittawa ta gabanta a tsaye da rarrafe, kusa da nesa, da rana da dare. Sannan a cire mata batir na ɗan lokaci a mayar, a ga ko agogonta ya riƙe kwanan wata. Wasu suna komawa ranar da aka ƙera su, kuma hoton agogo da lokacinsa ya rikice ba shi da sauran amfani. Ko da ta ci wannan jarrabawa, ranar ɗaurewa da ranar kwancewa a tsaya gabanta da allo mai ɗauke da lambar wurin da kwanan wata da ƙarfe nawa, ta ɗauka, domin in agogon ya zame a tsakani a sami abin gyara shi da shi.